Sola ɗin da aka haɗa mana a gida: inda suka yi ƙoƙari da inda suka gaza

Ga 'yan uwa da abokan arziki da suke ta tambayata wai sola ɗin nan da na saka kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa, amsa ita ce eh ta biya, amma ba yadda masu shaguna suke zuzuta abin ba. Mun ga hunturu da shi, mun ga zafin bazara, mun ga damina har da marka-markar watan Agusta, don haka yanzu ina da bakin magana. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai inda zan yaba musu akwai kuma inda zan faɗi laifinsu, kuma ba wanda ya ba ni ko sisi na talla. Shago ne dai cikin jerin masu kayan wuta da ke wajajen Ahmadu Bello Way, mai shi kowa Injiniya yake ce masa, yana da yaransa da suke fita aiki tare.

Gidanmu ba wani babba ba ne, ɗaki uku da falo a Unguwar Dosa, sai dai uwargida tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, wato firiza a wajenmu jari ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Janareto irin namu in ka ɗora masa firiza da fankoki da talabijin kusan lita guda yake sha a awa, ka kunna shi awa biyar a dare ka ƙona dubu biyar kenan, a wata dubu 150, ban da juyen mai da canjin fulogi da kuɗin mai gyara. Abin da ya ƙarasa yanke min shawara shi ne duhun watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin da ke biyowa ta jihar Binuwai shi ma ya samu matsala, arewa ta yi sama da mako guda babu wuta, kuma aka ce rashin tsaro ne ya hana masu gyara shiga dajin da turakun suke. Masu ƙanƙara da masu kifi da masu walda da teloli kowa ya ji a jikinsa a wannan lokacin.

Amma ni tun 2022 raina ya riga ya fita daga harkar man nan. Ranar 24 ga Fabrairun shekarar Rasha ta afka wa Yukren, yaƙi can wata uwa duniya, amma kafin damina ta yi nisa man dizal da ake sayarwa wajen naira 300 ya kai 800, gidajen burodi wasu suka rufe wasu suka rage girman burodin, masu injin niƙa da na casar shinkafa suka ƙara kuɗi, taki ya yi tsada, gas ɗin girki ma ya bi sahu. Mu da muke da matatar mai a nan Kaduna tun 1980, wadda take da ƙarfin tace ganga 110,000 a rana amma ta yi shekaru ba ta aiki, kusan duk fetur ɗin da muke sha a lokacin daga waje ake shigo da shi da dala. To mutumin da abin kunna fitilarsa sai ya biyo jirgin ruwa daga wata ƙasa, ai farashin ba a hannunsa yake ba, yana hannun masu yaƙi da masu canji.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Turawa ma duk da arzikinsu wannan tarkon suka faɗa. Kafin yaƙin, sama da kashi 40 cikin ɗari na iskar gas ɗin da ƙasashen Tarayyar Turai suke shigowa da ita daga Rasha take zuwa, Jamus ita kam fiye da rabi ma. Da ita suke ɗumama gidaje lokacin sanyi, da ita masana'antu suke aiki, da ita ake samar da wani kaso na lantarki. Da rikicin ya ɓarke Rasha ta dinga rage abin da take turawa ta bututun Nord Stream har ta tsayar da shi gaba ɗaya a ƙarshen Agustan 2022, a watan Satumba kuma aka fasa bututun a ƙarƙashin teku, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Amma ba su zauna suna kuka ba. Tun watan Mayun 2022 suka fito da shirin da suka kira REPowerEU, suka ce za su rage amfani, za su nemo gas daga wasu wurare kamar Nowe da Amurka da Katar har da namu na Bonny, sannan za su gaggauta sola da wutar iska. Suka yi yarjejeniyar rage shan gas da kashi 15 cikin ɗari daga Agustan 2022 zuwa Maris ɗin 2023, a Jamus aka ce kada a ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19, aka kashe fitilun ƙawata gine-gine da dare, aka gina tashar sauke gas na jirgin ruwa a Wilhelmshaven cikin 'yan watanni aka buɗe ta a Disamban 2022. Ba komai ne ya tafi sumul ba, sai da suka sake tayar da wasu tashoshin kwal na wani lokaci, kuma talakawansu sun sha tsadar wuta sosai. Amma zuwa 2023 gas ɗin Rasha na bututu ya koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na abin da suke shigowa da shi, a 2024 kuma wutar da suka samu daga sola ta zarce wadda suka samu daga kwal a karon farko. Har masu zaman haya a benaye a Jamus suna rataya fanel ɗaya ko biyu a baranda su jona a soket.

Na kawo wannan ne saboda abin da ya sa na zaɓi shagon nan shi ne su kaɗai suka fara da maganar rage amfani kafin maganar sayar da kaya. Na zaga shaguna, kusan kowa tambayarsa ɗaya, nawa ka ware, da ka faɗa sai ya ce to ga inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) mai kaza kVA ga batir huɗu ga fanel shida, zai ɗauki komai har esi. Shi kuwa Injiniya cewa ya yi, "Yallaɓai, bari in zo in ga gidan tukuna, ban san me za ka ɗora ba ta yaya zan yi maka kuɗi." Ya zo da 'yar na'urarsa ta auna wuta, ya bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, firiza nawa take ja in ta tashi nawa take ja in ta zauna, fanka nawa, sumo na rijiyar burtsatse nawa, dutsen guga nawa. Ya tsaya ya tambayi uwargida, "Hajiya, da wane lokaci kike zuba ruwan ƙanƙara, da safe ko da yamma?" don a cewarsa wannan kaɗai zai iya canza girman batirin da za mu saya. Wannan zuwan bai karɓi komai ba, kuma a nan na gane mutumin ya san aikinsa.

Abin da ya fito daga awon ya buɗe min ido. Tsofaffin fankokin silin ɗinmu kowacce tana jan wat 70 zuwa 80, sababbin masu ƙaramin ci kuma wajen 30 zuwa 35 suke ja, to fanka huɗu dare guda bambancin ya haura kilowat-awa (wato yunit) ɗaya da rabi, kusan kashi ɗaya cikin uku na batirin da muka saya kenan. Ya ce canza fanka huɗu ya fi ƙara batir arha nesa ba kusa ba, kuma gaskiyarsa ce. Muka canza fankoki, muka cire sauran ƙwayayen wuta masu zafi muka sa masu ƙaramin ci, robar ƙofar firiza da ta saki aka sake ta. Mutumin da yake sayar da batir amma ya ce maka ka sayi fanka a wani shago don kada ka sayi batir biyu a wajensa, wannan ya cancanci a faɗi alherinsa.

Ga abin da aka saka mana. Inbata mai 5kVA irin wanda yake haɗa sola da wutar nepa da janareto duka a wuri guda ya zaɓi wadda zai ɗauka da kansa, fanel shida masu wat 550 wato kilowat 3.3 gaba ɗaya, sai batirin litiyom guda ɗaya mai bolt 51.2 da amfiya 100, wanda yake riƙe kilowat-awa 5 da 'yan kai. Duka da kayan aiki da kuɗin hannu da ƙarfen da aka ɗora fanel a kai, kusan miliyan huɗu ya ci a lokacin. Kada wani ya riƙe wannan farashin ya je shago yana rigima, kayan nan da dala suke tafiya, yau daban gobe daban.

Maganar batir ita ce muka fi daɗewa a kanta, don a nan yawancin mutane suke asara. Batir mai ruwa, dogon nan mai amfiya 220, ya fi arha a ranar saye, kuma guda huɗu a takarda sun fi litiyom ɗaya yawan wuta. Sai dai shi ba a so ka sha fiye da rabinsa, in kana zuƙe shi har ƙasa kullum kamar yadda ake yi a gidajenmu, shekara ɗaya zuwa biyu ya fara mutuwa, ga duba ruwa ga tururin asid a cikin gida. Litiyom kuwa za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, yana cika da wuri, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau dubbai. Matsalarsa ɗaya kasuwa ta cika da na bogi, akwatin sabo fil amma ƙwayoyin ciki tsofaffi ne da aka ciro daga wani wuri. Injiniya ya haɗa namu da inbata ta wayar sadarwa yadda batirin da kansa yake faɗin kashi nawa ya rage da zafinsa da yawan cajin da ya taɓa yi, ya nuna min a allon cewa bai taɓa aiki ba. Duk wanda zai sayi litiyom ya nemi a nuna masa wannan kafin ya biya.

Aikin haɗawar kansa na ba su maki mai kyau. Ƙarfen da aka ɗora fanel a Panteka aka yi waldarsa aka shafa masa fenti, suka fuskantar da fanel ɗin kudu da ɗan karkace wajen digiri 10 zuwa 15, saboda Kaduna tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma karkacen yana sa ruwan sama ya wanke ƙura ya gangara. Sun bar tazara tsakanin fanel da kwano don iska ta ratsa, don fanel in ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake, abin da mutane da yawa ba su sani ba kenan, suna ɗauka zafin rana ne yake ba da wuta alhali haskenta ne. Waya mai kauri suka sa ta tagulla zalla, akwai bireka tsakanin fanel da inbata, akwai tsakanin batir da inbata, akwai na'urar kare tsawa, suka kuma haƙa rami suka binne sandar atin, wadda take kai wutar da ta wuce ƙima cikin ƙasa. Wannan na ƙarshen kada ka yarda a tsallake maka shi, tsawar farkon damina a garin nan ta ƙona inbata ba iyaka. Sannan sun raba layin gidan biyu, dutsen guga da hitar ruwa suna layin da ba ya bi ta batir sai an juya da gangan.

Yanzu inda suka gaza. Na farko, farashin da aka rubuta min da wanda na biya ba ɗaya ba ne, tsakanin ranar da ya ba ni lissafi da ranar da na kawo kuɗi ya ce dala ta motsa, ya ƙara. Na san gaskiya ne dala tana motsi, amma ya kamata a rubuta a takardar cewa farashin na kwana kaza ne, mutum ya san inda ya dosa. Na biyu alƙawarin lokaci, ranar da suka ce za su zo ba ita suka zo ba, kuma ba wanda ya kira ya ba da haƙuri sai da na nema. Na uku kuma wanda ya fi ɓata min rai, ruwan farko da aka yi silin ɗin ɗakin yara ya jiƙe, ashe inda suka huda kwano suka ɗaure ƙarfen ba su toshe da kyau ba. Sun dawo sun gyara ba su karɓi kuɗi ba, amma sai da aka yi ta kira, kuma tabon yana nan a silin. Aikin da aka yi da rani ba a gane ramin kwano sai damina, don haka ka sa su zuba ruwa a kan rufin a gabanka kafin su sauko. Takardar garanti ma sai da na matsa aka rubuta min, da baki kawai aka so a bar ta, wai ai mun zama 'yan uwa. Zumunci daban, takarda daban, musamman a kayan miliyoyi.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ba su kaɗai ba ne, kusan duk masu wannan sana'ar haka suke. Da suka gama ni suka yi wa bayanin komai, ni suka sa wa manhajar duba aikin solar a waya, alhali ni da safe nake fita sai dare, wadda take yini da na'urar nan ita ce uwargida. Ita ce za ta san yaushe za a kunna sumo, yaushe za a yi guga, me jan fitila take nufi, me za a kashe in hadari ya haɗo. Sai da na ce ya dawo ya yi mata bayani da kansa a gabana, kuma tun daga nan ita ta fi ni sanin kan abin. Sola ba kamar wutar nepa ba ce da za ka kunna komai duk lokacin da ka ga dama, tana son tsari, aiki mai nauyi daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na yamma lokacin da rana take sama, dare kuma a bar wa fanka da fitila da firiza.

Yadda yake aiki a cikin shekara kuwa, bazara ita ce lokacinsa. Daga Maris zuwa Mayu kafin azahar batir ya cika, sauran wutar har rasa abin yi muke da ita, a rana mai kyau manhajar tana nuna kilowat-awa 13 zuwa 15. Hunturu akwai rana amma ƙura ce matsala, hazo yana rage haske sannan ƙurar tana kwanciya a kan gilashin, in ka bar shi mako biyu ba wanki za ka ga wutar ta ragu sosai a allo. Da sassafe ake wankewa kafin gilashi ya yi zafi, ruwa da tsumma mai laushi kawai, ba omo ba soso. Agusta ce jarrabawa, in aka yi kwana biyu ko uku ana marka rana ba ta leƙo ba, batir ba ya cika, dole a jira wutar nepa ta taimaka ko a tayar da janareto na awa ɗaya ko biyu a yi caji. Don haka wanda ya ce maka ka sayar da janaretonka ranar da ka sa sola bai gaya maka gaskiya ba, namu yana nan a rufe, sai dai galan ɗin da a da ba ya kwana biyu yanzu sai ya yi wata ba a taɓa shi ba. Batir ɗaya kuma a gidan da ke da firiza daidai wa daida ne, zuwa kiran sallar asuba yana wajen kashi 20 zuwa 25. Esi da dare kam a manta da shi sai an ƙara batir.

Abin da ban zata ba shi ne gas ɗin girki. Da muka ga wutar rana tana yin yawa da tsakar rana, uwargida ta sayi tukunyar lantarki mai matse tururi wadda take jan wajen wat 1,000, wake da nama da ganda da tafasa zoɓo duk a ciki take yi tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, kai tsaye daga fanel ba tare da an taɓa batir ba. Tukunyar gas mai kilo 12.5 yanzu tana daɗewa fiye da da ƙwarai. Tuwo da suya da girkin dare suna nan a kan gas, ba mu rabu da shi ba, amma an rage. Kuma abin takaici ne a ce ƙasar da take loda iskar gas a jiragen ruwa daga Bonny zuwa Sifaniya da Fotugal da Faransa, 'ya'yanta suna sayen gas ɗin girki da farashin da yake bin dala, har wasu sun koma gawayi da itace, dazukanmu suna ƙarewa. Gargaɗi ɗaya, rishon lantarki mai jan ƙarfen nan kada a kusanto da shi, shi ne yake kashe batir da inbata a gidaje da yawa.

In aka zo lissafin kuɗi, abin da muke ƙonawa a fetur a da ya kusa miliyan biyu a shekara in aka haɗa da gyare-gyare, ga kuma katin mita da shi ma ya ragu, musamman ga waɗanda aka sa a Band A, rukunin da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 da aka kai musu yunit naira 225. A lissafina cikin shekara biyu zuwa uku kuɗin ya dawo, fanel kuwa masu kyau ana ba su shekara 25. Ƙanƙarar uwargida ba ta ƙara narkewa ba, kwastomominta sun san kullum akwai, wannan ma riba ce da ban sa a lissafi ba. Ga barci ba ƙara, ga ba hayaƙi, kuma duk mun san gidajen da hayaƙin janareto ya yi ajalin iyali guda cikin dare.

Sai dai ba na so in yaudari kowa da cewa wai sola 'yanci ne ɗari bisa ɗari. Fanel da inbata da batir duka daga waje suke, sama da kashi 80 cikin ɗari na fanel ɗin duniya a Chaina ake yin su, Turawan ma da suka guje wa gas ɗin Rasha yawancin fanel ɗinsu daga can suke saye. Bambancin shi ne fetur da gas kullum sai ka saya, in aka toshe hanya yau gobe kana cikin duhu, fanel kuwa sau ɗaya ka saya, in ya hau rufinka ko an rufe teku rana za ta fito. Pakistan misali ce mai kyau, a 2022 da Turai ta dinga saye gas ɗin jirgin ruwa da tsada, ita da Bangaladash suka kasa gasa suka shiga ɗauke wuta, bayan nan mutanen Pakistan da kansu suka rungumi sola, a 2024 kaɗai suka shigo da fanel na wajen megawat dubu 17, ya ninka duk abin da layin wutar Najeriya yake rabawa sau uku ko fiye. Shi ya sa da aka yi ta maganar hana shigo da fanel a 2025 hankalina ya tashi. Ina son a riƙa ƙera su a gida, amma a fara gina masana'antun su wadata tukuna, in aka rufe ƙofa kafin nan talaka ne zai koma layin gidan mai.

Kuma ban ce a watsar da gas ɗinmu ba. Yawancin wutar ƙasar nan daga tashoshin gas take, sauran daga madatsun ruwa irin Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma masana'antun Kakuri in za su farfaɗo ba fanel shida za su tayar da su ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 an ƙaddamar da aikinsa tun 2020, an sha sa ranar gamawa ana ɗagawa, tashar wuta ta Kudenda mai megawat 215 ita ma an fi shekara goma ana jiranta. Muna fatan su tabbata. Amma abin da Yukren ta gani tun Oktoban 2022 da aka fara kai wa manyan tashoshin wutarta hari, har asibitoci da makarantu suka koma sa fanel da batir a rufinsu, shi ne abin da muka gani a layin Shiroro, wuta in ta dogara da turaku 'yan kaɗan a cikin daji mutum goma za su iya jefa jihohi cikin duhu. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ina ganin asibitocin unguwa da rijiyoyin burtsatse da makarantun kwana su ya kamata a fara bi da sola kafin komai.

Na san ba kowa ne yake da miliyan huɗu ba, kuma ba dole sai irin namu ba. Shagon suna haɗa ƙarami, fanel ɗaya ko biyu da ƙaramin inbata da batir da zai riƙe fitila da fanka biyu da cajin waya da talabijin, na ga sun yi wa wani tela maƙwabcinmu wanda yake ɗaukar kekensa da fitilar shago. Shawarar da Injiniya yake bayarwa, kuma na yarda da ita, in kuɗinka bai kai ba ka sayi inbata mai ɗan girma tun farko sannan ka riƙa ƙara fanel da batir a hankali, maimakon ka sayi komai ƙarami ka zo kana sayarwa da asara. Fanel na hannu da ake kawowa kasuwa kuma a yi hattara, wasu an liƙa musu takardar wat 500 alhali ko 300 ba sa bayarwa, a sa mita a auna a rana a gabanka.

Zan sake ba su aiki? Eh, batir na biyu da nake shirin ƙarawa kafin bazara mai zuwa su za su haɗa, saboda awon da suka yi gaskiya ne, kayan da suka kawo na gaske ne, kuma in an kira su ko da jinkiri suna zuwa. Amma wannan karon farashi da ranar aiki da garanti duk a rubuce za su kasance da sa hannu, kuma kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hannu zai zauna a wajena sai an gwada komai an ga yana aiki.